Lambar sirrin asibiti da rukunin WhatsApp

Tambaya: Malam, ni ungozoma ce a wani asibiti nan Damagaram. Mai kula da ɗakin karatunmu ya ba mu lambar sirri ta shiga Hinari, ina sauke maƙalu kan haihuwa a salulata. Muna da rukunin WhatsApp na waɗanda muka gama makarantar kiwon lafiya tare, wasu na Tanut, wasu na Magarya, ɗaya ma tana aiki Kano. Sun ce in riƙa tura musu, wata kuma ta nemi lambar sirrin kanta. Akwai laifi?

Amsa: Malama, Allah ya saka miki da wannan niyya, amma lambar nan kada ki ba kowa. Hinari shiri ne da Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta buɗe a 2002 tare da manyan kamfanonin buga mujallun likitanci, yanzu yana ƙarƙashin Research4Life, haɗakar irin waɗannan shirye-shirye da ke buɗe wa ƙasashe masu tasowa mujallun bincike. Nijar tana cikin ƙasashen da ake ba shi kyauta, alhali maƙala ɗaya a waje ta kan kai dalar Amurka 30 ko fiye. Sai dai kyautar tana da sharaɗi, kuma asibitinku ne ya amince da shi lokacin rajista. Lambar ta ma'aikata da ɗaliban wannan wuri ce, a cikin Nijar. An yarda ki sauke, ki buga a takarda, amma kada ya wuce kashi 15 cikin 100 na fitowa ɗaya ta mujalla ko na littafi. Ba a yarda a miƙa wa wanda ba na gidan ba, ko a lika a shafin da kowa ke iya shiga.

Abin da ya fi damuna shi ne ƙawarki ta Kano. Duk wanda ya shiga intanet, na'urar kamfanin tana ganin daga wace ƙasa ya fito. Idan aka ga lambar asibitinku na Damagaram tana buɗewa daga wata ƙasa, ana iya rufe ta, kuma rufewar za ta haɗa da likitan tiyata da ɗalibin da ke rubuta kundinsa, waɗanda ba su ji ba ba su gani ba. Ga shi lambar da ta shiga WhatsApp ba ta da linzami. Ƙawayenki na Tanut da Magarya su yi wa shugaban asibitinsu magana ya yi rajista, asibitocin gwamnati a Nijar suna cikin waɗanda suka cancanta.

Akwai kuma maƙalun da za ki tura hankalinki kwance. Buɗe shafin farko ki duba ƙasa. Idan kin ga alamar CC BY, marubucin ya yarda a yaɗa muddin an ambaci sunansa. Idan an ƙara NC, ba a sayarwa. Mujallun PLOS da BMC da Pan African Medical Journal, wadda ke bugawa da Faransanci ma, duk a buɗe suke. Littattafan OMS tun 2016 haka ake fitar da su. In ba ki ga alamar ba, tura adireshin shafin kawai, kowa ya shiga da tasa hanyar.

Tambaya: Ni ɗalibin jinya ne daga unguwar Birni. Littafin magunguna ɗaya ne tak a ɗakin karatunmu. In na ɗauke shi duka da kyamarar waya na mai da shi PDF fa?

Amsa: Ɗan'uwa, na san wannan ƙunci. Ɗaukar ƴan shafuka don karatunka daban yake da kwafe littafi daga bango zuwa bango a raba wa aji. Dokar haƙƙin mallaka ta Nijar ta 2010 tana kare littafi, ko a takarda yake ko a waya, hoto ma kwafi ne. Ka ɗauki shafukan da za ka yi jarrabawa a kansu, ka bar su cikin wayarka. Sannan ka sauke manhajar jagororin magani ta ƙungiyar likitocin agaji ta MSF, kyauta ce, da Faransanci, kuma da zarar ta sauka tana aiki ko babu rezo.