Kwana ɗaya a Alƙahira: ga yadda zan raba shi

Ɗan'uwa, ka ce jirginku zai yada zango a Alƙahira a hanyar Umra, kana da yini guda, kana tambayar ko zai isa ka ga dalar Giza da Azhar da kasuwa. Zai isa, in dai ka yi sammako.

Ka fita bayan asuba ka nufi Giza, domin cunkoson motocin garin nan ba wasa ba ne. Dalar Fir'auna Khufu ta kai shekara 4,500 a tsaye. Sai ka tsaya a gindinta za ka gane girmanta: wani dutsen guda ya kai maka ƙirji, an jera dubbai a kansa. Masu raƙuma za su yi maka caa. Ku gama ciniki kafin ka hau.

Daga nan ka wuce Fusɗaɗ, tsohuwar unguwa a Alƙahira. Gidan tarihin wayewar Masar yana can, inda aka mayar da gawarwakin fir'aunoni a 2021, har da Ramsis na biyu. Kallon fuskarsa a bushe, da gashinsa, yana sa jikin mutum ya yi sanyi. Masallacin Amru ɗan Asi, na farko a Masar, yana kusa. Ka yi azahar a can.

La'asar kuwa sai masallacin Azhar, wanda aka buɗe a 972 miladiyya. Ka zauna a harabarsa mai farin marmara, da wuya ka tashi ba ka ji ɗalibai na Hausa ba. Tsallaken titi kasuwar Khanul Khalili ce: turare, carbi, fitilun tagulla. Duk farashin da aka faɗa maka, taya rabi, kuma ka bar wa filin jirgi isasshen lokaci.