Yaya, Ga Amsarka Daga Natchez

Yaya, na ga tambayarka, wai mu da muka daɗe a Amurka har yanzu Hausawa ne kuwa, tunda har na bar ɗana ya auri baƙar fatar ƙasar nan, wadda ka ce ba a san asalinta ba. Maganar asalin nan ita ta tsaya mini a rai.

Natchez da muke zaune ƙaramin gari ne a bakin kogin Misisipi, mutanensa ba su kai dubu 15 ba, amma ya yi manyan mutane. Hiram Revels, baƙar fata na farko da ya shiga majalisar dattawan Amurka a 1870, fasto ne a garin nan. Wanda nake so ka sani kuwa shi ne Abdurrahman ɗan Almami Ibrahima Sori, Bafulatanin Futa Jalon da ke ƙasar Gini ta yanzu, mai ilimin Larabci. A 1788 aka kama shi a yaƙi aka sayar, ya faɗa hannun wani manomi a yankin nan na Natchez, Thomas Foster, ya shekara 40 yana bauta. Wani likita, John Cox, wanda ya taɓa jinya a gidan mahaifin Abdurrahman a Timbo, babban birnin Futa Jalon, ya gane shi a kasuwa a 1807, ya nemi fansarsa, Foster ya ƙi. Sai da wata takarda da ya rubuta da Larabci ta isa Maroko, gwamnatin Amurka ta sa baki, sannan aka sake shi a 1828.

To, wa ya aura? Isabella, baiwa, Kirista, haihuwar ƙasar nan, suka haifi 'ya'ya tara. Da aka 'yanta shi bai tafi ya bar ta ba, sai da aka tara kuɗin fansarta. Ya bi gari-gari yana neman na 'ya'yansa, kuɗin ba su cika ba. Ya rasu a Laberiya a 1829 bai sake ganin Timbo ba, jininsa da yawa suka rage a nan cikin bauta. Mutanen nan suna da asali, Yaya, ƙwace musu aka yi.

Mu Hausawan yankin ba mu da yawa. Ranar Sallah mukan haɗu a Jackson, babban birnin jihar Misisipi, inda akwai gidan tarihin al'adun Musulmi, kowa da tukunyarsa. Bikin suna da ta'aziyya ba wanda ake jira a gayyato. Surukata Baba take ce mini, ta rusuna ta gaishe ni. Miyar kuɓewa kuwa a gidansu ta tashi tana sha, daddawa kawai ta koya a wurin uwar mijinta. Ta lura ba ma kiran sunan mijinta saboda ɗan fari ne, ta tambaya, na ba ta labarin Inna, Allah ya jiƙanta, wadda har ta koma ga Allah ban ji sunanka a bakinta ba. Yanzu ita ma kunyar ɗanta na fari take yi.

Hausar jikokina ba ta nuna ba, wannan kam yana damuna ƙwarai. Amma ku ma da naku laifin. Yaro ya dage ya ce "Kaka, ina wuni" a waya, sai a fashe da dariya a amsa masa da Turanci. Don Allah idan ya sake gaishe ku, ku amsa masa da Hausa, ku tambaye shi karatu.