An ba ni ɗakin jarirai: digiri zan fara nema ko kwas ɗin jinyar yara?

Tambaya:

Assalamu alaikum, Anti. Ni ma'aikaciyar jinya ce kuma ungozoma, shekarata shida ina aiki a wani babban asibiti a ɗaya daga cikin ƙananan hukumomin da ke kewaye da Zariya. Wata huɗu ke nan aka ware ɗan ɗaki na jarirai marasa lafiya, aka ce ni zan riƙe shi tare da wasu mutum biyu. Babu wadda ta taɓa yin kwas na jarirai a cikinmu. Jaririn da ya fi ƙarfinmu mukan tura shi Zariya, kuma sau da yawa kafin a isa jikinsa ya yi sanyi ƙalau. Ina so in nemi hutun karatu, amma na rasa wanne zan fara, digiri ko kwas ɗin jinyar yara. In kuma na tafi, wa zan bar wa ɗakin?

Amsa:

Wa'alaikumus salam, ƙanwata. Allah ya ba da ladan aiki. Zan zo kan maganar digiri, amma abin da ya tsaya mini a rai cikin wasiƙarki shi ne jaririn nan da ke isowa da sanyi. Na yi shekaru ina karɓar irinsa a bakin ƙofa, an naɗe shi a zani uku da tawul, kakarsa ta rungumo shi a bayan Keke Napep. Sai ka sa ma'aunin zafi ka ga 34. Zafin jikin jariri lafiyayye tsakanin 36.5 ne da 37.5. In ya yi ƙasa haka, sukarin jininsa yakan faɗi, numfashi ya rikice, kuma duk injinan da ke asibitin koyarwa na Shika ba lallai su dawo da abin da aka rasa a hanya ba. Wannan gyaran ba ya jiran takardar shaida. Cikin makon nan ma za ku iya fara shi.

Abin da nake so ki gane shi ne, jinyar jariri ba a asibiti ɗaya take ƙarewa ba. Bakwainin da aka haifa a wani ƙauye a Soba ko Giwa ko Ikara zai bi ta hannun ma'aikaciyar ƙaramin asibiti, ya zo hannunki, wataƙila ya wuce Gambo Sawaba a Ƙofar Gayan ko sashen jarirai na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika, daga baya a maido miki shi ya ƙarasa girma. Hannu huɗu ko biyar ke nan. In ɗaya kaɗai ya ƙware, an yi ba a yi ba. A Ingila tun 2003 suka haɗa sassan jarirai na kowane yanki a ƙarƙashin tsari ɗaya mai hawa uku, daga masu kula da ƙananan matsaloli zuwa masu kula da waɗanda ke kan injin numfashi, kuma horon ma'aikatan jinya na yankin tare ake tsara shi. Ƙa'idarsu ita ce nas ɗaya ga jariri ɗaya mai tsananin ciwo, ɗaya ga biyu masu matsakaici, ɗaya ga huɗu masu sauƙi. Na san kina dariya, don ke kaɗai kike kwana da goma. Yawan ma'aikatansu ba mu da shi. Amma a ce kowa a yanki ya koyi abu iri ɗaya, ya yi shi iri ɗaya, wannan bai fi ƙarfinmu ba, kuma bai ci kuɗi sosai ba.

Abu na farko da ku ukun za ku haddace kamar Fatiha shi ne farfaɗo da jaririn da bai yi kuka ba. Kusan ɗaya cikin goma na jarirai suna buƙatar taimako kafin su fara numfashi. Akwai horon da ƙungiyar likitocin yara ta Amurka da abokan aikinta suka fitar a 2010 don ƙasashe irin namu, wanda ya ginu kan minti ɗaya na farko: ki tsane shi, ki ɗumama shi, ki shafa bayansa, in bai numfasa ba kafin minti ya cika, ambubag, wato jakar hura wa jariri iska, ya hau fuska. Da aka gwada shi a asibitoci takwas a Tanzaniya, mutuwar jarirai a yinin farko ta ragu da kashi 47 cikin ɗari. Sai dai hannu yana mantuwa. Wadda ta je bita ta kwana biyu ta dawo ba ta sake taɓa ambubag ba, kafin wata shida ya zagayo za ki ga abin rufe fuskar yana zubar da iska ta gefe, ƙirjin yaro ba ya tashi. Na taɓa zuwa duba aiki wani asibiti na tarar da takardun shaidar bita jere a bango, 'yar tsanar gwaji kuwa tana kulle a sito cikin ledarta, mai makullin ya tafi hutu. Ku fito da taku, ku ajiye ta kusa da teburin miƙa aiki. Minti biyar kullum da safe, ɗaya ta hura, ɗaya ta riƙe agogo. Ya fi bitar otal goma, duk da dai na san alawus ɗin bita yana da daɗi.

Na biyu, goyon ƙirji, wanda ake kira goyon kangaru. A birnin Bogota na ƙasar Kolombiya aka fara shi a 1978, a asibitin da kwalaben ɗumama bakwaini suka yi kaɗan, wato matsalarmu sak. Jariri tsirara sai hula da kunzugu, fata da fata a ƙirjin uwa, a ɗaure da zani. Wani babban bincike da aka buga a 2021, wanda aka yi a ƙasashe biyar har da Najeriya a Ile-Ife, ya nuna cewa fara shi nan take ga jariran da nauyinsu ke tsakanin kilo 1 da 1.8 ya rage mutuwa da kusan kashi 25 cikin ɗari. Shi ya sa a 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a fara shi da zarar an haihu, ba sai yaro ya murmure a kwalba ba. A wurinmu wahalar ba ta fasaha ba ce, ta baki ce. Mace ta saba goyo a baya, kaka kuma gani take an raina jikanta tunda ba a sa shi a kwalba ba. Iya lallashin kaka darasi ne mai zaman kansa, kuma ba a makaranta na koye shi ba. In ta yarda, ita ce za ta karɓi goyon idan mai jego ta gaji, ita ce kuma za ta hana gashin cibi da garwashi a shafa maganin cibi na kuloheksidin, ta kawar da kafur daga kayan yaron da ke da shawara, ta ce wa wanzami ya dakata.

Daga nan sai sauran: ƙirga numfashi minti guda cur, a san ya haura 60 ko bai haura ba, ciyarwa da kofi ko ta robar hanci, auna sukari, nisan fitilar da ake haska wa mai ciwon shawara da rufe ido, da oksijin. Oksijin magani ne, yana da awo. Ga bakwaini ana so na'urar auna oksijin ta yatsa ta nuna tsakanin 90 da 95, don in ya yi yawa yana iya lalata ido har makanta. Waɗannan a gefen gado ake koyonsu. Ki roƙi shugabarku ta rubuta takarda a bar ku ku je sashen jarirai na asibitin da kuke tura wa jarirai ɗaya bayan ɗaya, mako huɗu zuwa shida kowacce, har da dutin dare, don da dare ne ake ganin ainihin aikin. Ki kuma nemi wata babbar sista daga can ta riƙa leƙo ku ko sau ɗaya a wata. Ke ma bashi ya hau kanki: ma'aikatan ƙananan asibitocin da ke turo miki, ke ce malamarsu. Jihar Kaduna mazaɓu 255 gare ta, kuma wadda ke karɓar haihuwa a ƙananan asibitocinsu ita ke fara taɓa yaron.

To, maganar karatu. In zuciyarki tana gefen gado, ki fara da kwas ɗin ƙwarewa na jinyar yara da ake yi a asibitocin koyarwa, kusan shekara guda ne, kuma Hukumar Ma'aikatan Jinya da Ungozoma ta Najeriya tana yi masa rajista. Ki sani yara gaba ɗaya ya ƙunsa, jarirai sashe ne a ciki, don haka ki nace a ba ki isasshen lokaci a ɗakinsu. Digiri yana da muhimmanci don ƙarin girma da koyarwa, amma ba ya gudu. Jami'ar Ahmadu Bello tana da digirin jinya ta tsarin karatu daga nesa, kina aiki kina yi. Horon dole na sabunta lasisi da ake yi duk shekara uku kuma, kada ki shiga kowanne don kawai a buga hatimi, ki zaɓi wanda ya shafi uwa da jariri. Ki riƙa sa ido kan tarukan ƙungiyar likitocin jarirai ta ƙasa, sukan yi horon farfaɗo da jarirai da ma'aikatan jinya ke shiga.

Wa za ki bar wa ɗakin? Waɗannan biyun da kike da su, in kin yi wata shida kina gina su kafin ki cika fom. Ku buɗe littafi: nauyin kowane jariri, zafin jikinsa lokacin da ya shigo, da lokacin da kuka tura shi, da yadda ya ƙare. Ƙarshen wata ku zauna ku duba, ba don neman mai laifi ba. Duk wanda za ku tura, a kira waya tukuna a tabbatar akwai gado, a ba shi nono ko ruwan sukari ta jijiya, a rubuta abin da aka yi masa da ƙarfe nawa, sannan ya yi tafiyar a ƙirjin uwarsa ko kakarsa da hula a kai, tagogin mota a rufe. Washegari ki sake kira ki tambayi nawa ma'aunin zafi ya nuna da suka isa, ki rubuta a littafin. Kada ku jira hunturu, ku fara tun yanzu.