Yini ɗaya a Jos, ina za a fara?

Ɗan'uwa, ka ce za ku taso daga Abuja da yara, yini ɗaya kacal gare ku a Jos, kana tambayar inda ya kamata ku leƙa. Ni dai na ce ku fara da gidan adana kayan tarihi na ƙasa, wanda Bernard Fagg, wani Bature masanin kayan tarihi, ya kafa a 1952. Ku tsaya gaban kawunan yumɓu na mutanen Nok, wata al'umma ta zamanin da, ku dubi idanun nan masu huda a tsakiya da irin gyaran gashinsu. Sun haura shekara 2,000, kuma wajen haƙar kuza aka fara tono irinsu a 1928.

Amma inda ya fi kwanta mini a rai shi ne filin gine-ginen gargajiya da ke kusa. An kwaikwayi ganuwar Kano da tsohon masallacin Juma'a na Zariya, duk da jar ƙasa. Ka shiga masallacin ka ɗaga kai, ka ga yadda bakan gizo, wato ginin nan mai lanƙwasa kamar baka, ya tallabe rufi, ga sanyi kamar cikin randa. Ruwan sama ya zaizaye wasu sassan, wallahi abin na damuna.

Gidan namun daji na nan dab, yara za su so shi. In da hunturu ne, ku riƙo rigunan sanyi. A hanyar komawa ku ɗan tsaya ku kalli duwatsun Riyom.