Tambaya da Amsa: Me Bature Yake Kiran Mai Ƙishirwar Mulki?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗaliba ce mai karanta aikin jarida, kuma idan jaridun Turanci suna sukar shugabanni nakan ci karo da kalmomin megalomaniac, narcissist, egotist da Machiavellian. Shin duk ma'anarsu ɗaya ce? Daga wata mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Ba ɗaya ba ce, duk da cewa marubuta da yawa suna cakuɗa su idan ransu ya ɓaci.

Megalomaniac ta samo asali daga kalmomin Girkanci biyu, ɗaya tana nufin girma, ɗayar kuma hauka, saboda haka wanda ake kira da ita ya wuce mai son mulki kawai, ya kai ga ruɗin ganin cewa babu kamarsa a doron ƙasa. Bahaushe zai ce fir'aunanci ya kama shi. Misalin da ya fi fitowa fili shi ne Jean-Bédel Bokassa na Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya, wanda ya naɗa kansa sarkin sarakuna a birnin Bangui a watan Disamba na 1977, ya hau karagar da aka ƙera da siffar gaggafa, alhali talakawan ƙasarsa suna cikin matsanancin talauci.

Narcissist kuwa daga tatsuniyar Girkawa ta fito. Wani kyakkyawan saurayi mai suna Narcissus ya leƙa ruwa ya ga fuskarsa, son ta ya kama shi, ya kasa tashi daga wurin har ya mutu. Abin da irin wannan mutum yake ƙishirwa shi ne yabo da kallo, ko da babu kujera a ƙarƙashinsa, kuma ba ya jin zafin da wani yake ji. Sai dai ki yi hattara da wannan kalma a rubutu, domin tun 1980 likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka suka sanya wannan hali cikin jerin lalurorin da suke bincikawa, kuma a ganina ɗan jarida ba shi da hurumin yanke wa mutum hukuncin asibiti daga nesa.

Egotist shi ne mai yawan yabon kansa, wanda kowane zance sai ya dawo kan "ni". Akwai kuma egoist, wadda harafi ɗaya ya raba su, ita ce ta fi dacewa da abin da muke kira son kai.

Machiavellian ta sha bamban da sauran, domin hanyar neman mulki take siffantawa. An ɗauko ta daga sunan Niccolò Machiavelli na birnin Florence a Italiya, wanda ya rasu a 1527, wanda kuma ya yi rubutu kan yadda sarki zai riƙe mulki da dabara. Mai wannan hali yana iya zama mai sunkuyar da kai a gaban jama'a, yana ƙulla makirci a bayan fage, irin wanda muke cewa macijin ƙaiƙayi.

Idan kuma kina son ki ce mutum yana da buri ba tare da kin zage shi ba, to ambitious ce kalmar, wadda asalinta a Latin yake nufin zagayen da 'yan takara a tsohuwar Roma suke yi suna roƙon ƙuri'a.