Shin mutumin da ke cikin zanen Munch ihu yake yi?

Tambaya: Malam, ina yawan cin karo da wani zane a waya: mutum mai kai kamar ƙoƙo, ya dafe kunnuwa, baki a wangale, sama ta yi ja jawur a bayansa. An ce an taɓa sayen irinsa kusan dala miliyan 120. Ni dai a idona, ƙanena ɗan firamare ma zai zana wanda ya fi shi kama da mutum. Me ya firgita shi yake ihu, kuma me masana suke gani a ciki?

Amsa: 'Yar'uwa, wannan aikin Edvard Munch ne, mutumin ƙasar Nowe, wanda ya rayu daga 1863 zuwa 1944. Sunan zanen da harshensu Skrik, wato ihu ko kururuwa. Sau huɗu ya zana shi da fenti da alli mai launi. Na 1895 shi ne aka yi gwanjonsa a Niyok a 2012 kan kuɗin da kika ji. Wanda aka fi sani kuwa na 1893 ne, kuma a kan kwali ya zana shi.

Bari in fara da gyara ɗaya: mutumin nan ba shi ke ihu ba. Ihun yake ji, shi ya sa ya toshe kunnuwa. Munch da kansa ya rubuta yadda abin ya faru. Wata rana da almuru yana tafe da abokansa biyu a gefen birnin Oslo, wanda a lokacin ake kira Kiristaniya, sai rana ta faɗi, shafaƙi ya rine sama kamar jini. Gajiya ta kama shi, ya tsaya ya jingina da shinge, jikinsa na rawa don fargaba. Abokan suka yi gaba abinsu. Shi kuwa ya ji kamar wata ƙara marar iyaka tana ratsa halitta baki ɗaya.

Yanzu ki sake buɗe hoton, ki bar fuskar tukuna. Dubi sama da ruwa da tudu: duk layukansu a murɗe suke, suna kaɗawa kamar ana juya fura a ƙwarya. Jikin mutumin ma ya lanƙwashe ya bi su, sai ka ce ba ƙashi a cikinsa. Sannan dubi shingen katako da hanyar, sun miƙe sak. Can baya ga mutum biyu a tsaye ƙyam, ba abin da ya dame su. A ganina nan zuciyar zanen take. Duniya na narkewa a kan mutum ɗaya, waɗanda suke tare da shi ba su ma sani ba. Duk wanda gabansa ya taɓa yankewa ya faɗi a tsakiyar jama'a, ana hira ana dariya shi kaɗai yana jin ƙasa na juyawa, ya san wannan wurin.

Batun kama da mutum kuwa, da gangan ya bar ta. Munch ya iya zanen fuska sarai, hotunan 'yan gidansu da ya yi tun yana matashi shaida ne. A nan ya cire gashi, ya cire gira, ya bar fuskar da ba a cewa ta mace ce ko ta namiji, yaro ko tsoho, don kowa ya iya ganin kansa a ciki. Wannan salon ne Turawa ke kira ekspireshanizim: mai zane ya karkata siffa da launi domin su faɗi abin da ke ƙirjinsa. Matasan Jamus da suka kafa ƙungiyar masu zane ta Die Brücke a Dresden a 1905, irin su Ernst Ludwig Kirchner, sun sha daga wannan rijiya.

Fargabar ba daga sama ta faɗo wa Munch ba. Tarin fuka ya ɗauke mahaifiyarsa a 1868 yana ɗan shekara 5, ya sake ɗauke yayarsa Sophie a 1877 tana da shekara 15. Ƙanwarsa Laura ta yi fama da taɓin hankali, shi ma kullum yana tsoron kada abin ya zama gado.

Akwai wani ɗan rubutu da fensir a kusurwar sama ta hagu na zanen 1893, ƙanƙane ƙwarai, yana cewa mahaukaci ne kaɗai zai iya zana wannan. An daɗe ana zaton wani ɗan kallo ne ya ɓata shi. A 2021 gidan tarihin ƙasa na Nowe ya binciki rubutun da na'ura, ya gwada shi da wasiƙun Munch, ya tabbatar hannunsa ne. Masanan gidan suna ganin ya rubuta shi ne bayan wani baje kolin zane-zanensa a 1895, inda wani ɗalibin likitanci ya tashi a taro ya yi shakkar lafiyar ƙwaƙwalwarsa. Maganar ta yi masa ciwo har ya riƙa komawa kanta a rubuce-rubucensa shekaru da yawa bayan nan.