Wa ya fara faɗuwa, famfo ko bawul?

Ɗana, jiya ka ce min: "Maigida, tunda kowace PLC, wato ƙaramar kwamfutar da ke sarrafa injina, tana da agogonta, kuma na bi su ɗaya bayan ɗaya na saita da wayata, me ya kai mu hawa rufi da eriyar GPS a wannan rana ta Yanbu?" Lokacin hannuna na cikin fanel, shi ya sa na yi shiru.

Saitinka na jiya yau ya riga ya tashi aiki. Agogon PLC ɗan dutsen kwaz ne ke kaɗa shi, kuma babu biyu da tafiyarsu ta zo ɗaya. Wanda ya kauce da kashi 20 cikin miliyan, kafin gobe war haka ya tara kusan sakan 1.7, zafin fanel kuma ya ƙara masa. A wurinka sakan biyu ba komai ba ne. To, wutar ƙasar nan ta Saudiyya sau 60 take zagayawa a sakan, zagaye ɗaya bai kai milisakan 17 ba, kuma cikin 'yan zagaye kaɗan makatsin wuta ya gama buɗewa, sakan biyu ya isa ya rikita wa ya fara faɗuwa.

Ina kamar shekarunka, a wata matatar ruwan teku, babban famfo ya tsaya da tsakar dare, allo ya yi jajir da ƙararrawa. Rajista ta nuna bawul ne ya fara rufewa, famfo ya biyo. Kwana biyu muna kwance bawul, mai har gwiwar hannu, lafiyarsa ƙalau. Ashe agogon da ke rubuta wa bawul ɗin lokaci ne ke baya da sakan uku. Famfon ne ya fara, wuta ce ta ɗan yi ƙasa. Manya ma sun sha wannan: da wuta ta ɗauke a Amurka da Kanada ranar 14 ga Agusta 2003, masu bincike sun jigata kafin su jera abin da ya faru, don agogunan na'urori da yawa ba su yi daidai ba.

Shi ya sa muke tsayar da liman ɗaya. Agogon GPS, wanda ke karɓar lokaci daga tauraron ɗan Adam ta eriyar nan, shi ne a gaba, sauran mamu ne, ba mai riga shi ruku'u. In ya faɗi, tsarin da kansa zai tura na'ibi. Kwamfutocin ɗakin sarrafawa NTP, tsarin daidaita agogo ta hanyar sadarwa, ya ishe su, 'yan milisakan ba sa cutar da su. Kariyar lantarki da injinan da ke juyawa tare kuwa sai PTP, tsarin da ya fi NTP daidaito, wato IEEE 1588, wanda ya fito a 2002 aka sabunta shi a 2008, yana sauka ƙasa da maikirosakan ɗaya. Sai dai suwic ɗin sadarwa da ke haɗa na'urorin ma dole ya san PTP, ya faɗi tsawon lokacin da saƙo ya yi a cikinsa. Ka saka na kasuwa mai arha, ka yi asarar kuɗin agogon.

Rajista a UTC, wato lokacin bai ɗaya na duniya, za ka bar ta, allo ne kawai zai ƙara awa uku ya nuna lokacin nan. Gobe bayan asuba ka zo da tsani, mu duba kebul ɗin eriyar kafin rufin ya ɗau zafi.